Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka: A Bi Mai Cin Kuɗin, A Bar Mana Mai Karatu

Zuwa ga Babban Darakta,
Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya,
Abuja.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, na rubuto wannan wasiƙa ne da bakina da bakin 'yan'uwana marubutan Hausa da ke sakin littattafansu ta waya. Mafi yawanmu mata ne: matan aure, zawarawa, ɗalibai, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti. Ba mu da shago, ba mu da maɗaba'a. Da babban yatsa muke taifin, cikin dare bayan yara sun yi barci, mu saki a WhatsApp da Facebook da manhajojin karanta littattafai irin su Wattpad da ArewaBooks. Na rubuta da Hausa kuma na bar ta a buɗe, domin masu karatunmu su ma su gani, tunda rabin maganar tasu ce.

Ranar 17 ga Maris 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin tsohuwar da aka gada tun 1988. Sabuwar dokar ta san da intanet. Daga sashe na 54 ta tsara yadda mai aiki zai nemi a sauke aikinsa da aka ɗora ba da izini ba, ta yi maganar dakatar da asusun wanda ya mai da satar sana'a, ta kuma ba hukumarka ikon toshe shafin da ke raba kayan mutane. Mun kuma san ƙoƙarin da jami'anku suka daɗe suna yi wajen kama jabun littattafan makaranta a tashoshin jiragen ruwa da kasuwanni. Allah ya saka da alheri. Sai dai ɓarnar da ke cin mu ba a kwantena take zuwa ba. A cikin waya take, da Hausa ake yin ta, kuma har yau dokar ba ta iso zaurukanmu na WhatsApp ba.

Kafin in kai kuka, bari in faɗi yadda muke cin abinci, don kada a yi mana maganin da zai fi ciwon zafi.

Marubuciya takan fara sabon littafi da shafukan kyauta. Ta saki goma, ashirin, wata ma har rabin littafin, kowa ya karanta, ya tura wa wanda ya ga dama. Idan labari ya kama mutane, sai ta ce daga nan na kuɗi ne. Mai so ta tura abin da aka yanka, galibi tsakanin naira 300 zuwa 1,000, ta banki ko katin waya, ta turo shaidar biya, a saka ta a zauren da ake ci gaba da fostin. 'Yan'uwanmu na Nijar su biya da sefa. Wasu kuma littafinsu na farko da na biyu kyauta suke bayarwa gaba ɗaya, sai suna ya fita sannan su fara sayarwa. Kyautar nan ita ce tallarmu, ita ce makarantar da muka koyi rubutu a cikinta, domin sharhin masu karatu shi ne editan da yawancinmu muka taɓa samu. Duk marubuciyar da ta ce maka ba ta son a tura rubutunta ko'ina, ba ta faɗa maka gaskiya ba.

Kuma ba mu muka fara wannan ba. Lokacin da littattafan da ake kira Adabin Kasuwar Kano suka bunƙasa a shekarun 1980 da 1990, kwafi ɗaya yakan zaga gida guda, ya tsallaka maƙwabta, ya shiga ɗakin kwanan 'yanmata a makaranta har bangonsa ya cire. Akwai masu bayar da haya a unguwanni. Ana karanta littattafan a gidajen rediyo, marubuci da kansa yake kai nasa don a ji shi a saya. Mata da yawa da karatun boko bai yi musu nisa ba a kan waɗannan littattafai suka goge da karatun Hausa. Babu wanda ya kira aron littafi sata. Ni kaina da aro na fara karatu, kuma ba zan so a wayi gari an mai da yarinyar da ta tura wa ƙawarta labari mai laifi ba.

To ina matsalar take? Tana wurin waɗanda suka gina kasuwa a kan rubutunmu, mu kuma ba mu cikin lissafi.

Na farkonsu masu tashoshin karanta littattafai da murya a YouTube. A cikinsu akwai mutanen kirki da ke neman izini, a yi ciniki, su biya, har su tallata marubuciya. Ba da su nake ba. Ina magana ne a kan wanda zai sa a shiga zauren kuɗi da naira 500, a kwaso masa littafi tun daga bismilla har tammat, ya karanta shi kashi-kashi, ya ɗora. Ƙa'idar YouTube ita ce tasha ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 kafin ta fara samun kuɗin talla. Littafin Hausa mai tsawo yakan ɗauki awanni masu yawa ana karanta shi, mai saurare kuma ba ya tashi sai ya ji ƙarshe, don haka da wuya a samu abin da ya fi rubutunmu saurin cika wa tasha wannan ma'auni. Daga nan kuɗi ke shigo masa da dala duk wata, na tsawon shekaru, a kan aikin da mai shi ta samu 500 sau ɗaya tak. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ya faru da ni. A gidan suna na ji wata baiwar Allah ta kunna labari a wayarta, mata sun yi tsit ana saurare. Ban daɗe da zama ba na gane maganganun, domin ni na rubuta su. An sauya wa littafin suna, an cire nawa, mai karatun ma har yana roƙon a yi masa addu'a saboda wahalar da yake sha wajen kawo wa jama'a labarai. Da na neme shi, amsarsa ita ce ai talla yake yi mini, kamata ya yi in gode. Tallar da babu sunana a ciki.

Sai masu haɗa dakumen. Su nasu aikin shi ne tattara shafukan da marubuciya ta yi wata da watanni tana saki, su dunƙule su a fayil ɗaya, su buɗe nasu zauren, su ce da kuɗi kaɗan za ka samu littattafai ɗari. Zauren WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024, na Telegram kuwa har 200,000. Idan littafi ya faɗa irin wannan wuri tun ana tsakiyar rubuta shi, cinikinsa ya mutu a ranar. Mai shirin biya za ta ce bari ta jira a fitar. Haka ma masu shafukan intanet da manhajojin da ke cike da littattafanmu, talla na tsalle a kowane shafi, babu wanda aka tambaya. Wasu har sukan goge sunan marubuciya daga saman kowane babi su liƙa na shafinsu, alhali dokar 2022 ta ce ambaton sunan mai aiki haƙƙinsa ne da ba ya barinsa muddin yana raye, ko da ya sayar da aikin.

Ranka ya daɗe, asarar kuɗin a fili take, ba sai na tsawaita ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin caji ya tashi, a Janairun 2025 kuma aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan kira da data. Marubuciya tana sayen data ta yi taifin, ta sayi data ta yi fostin, ta sayi data ta amsa wa masu karatu. Akwai waɗanda da wannan 'yan kuɗin suke biyan kuɗin makarantar marayun da aka bar musu.

Asarar da ta fi damuna ita ce wadda ba a gani. Muna rufewa. Wadda take ba da shafi talatin kyauta ta koma biyar. Wasu sun daina rubutu a rubuce, sai hoton shafi da aka lulluɓe da lambar waya har karatun ba ya daɗi, kuma makaho da wayarsa ke karanta masa rubutu an rufe masa ƙofa ke nan. Saman kowane babi ya cika da Allah ya isa da ban yafe ba, mai karatu ta biya kuɗinta amma sai ta tsallake tsinuwa kafin ta kai ga labari. An fara zargin juna a zauruka, a cire wadda ba ta ji ba ta gani ba don ana tunanin ita ke fitarwa. Marubutan da suka fi ɗaukar lokaci suna bincike, su je asibiti su tambayi likita, su je kotu su zauna, su ne suka fi saurin ajiye alƙalami, domin aikin wata shida ba ya jure a kwashe shi a dare ɗaya. Wanda zai iya jurewa shi ne rubutun gaggawa mai yaji, wanda za a kwashi kuɗinsa a makon farko kafin a fitar. Ana yawan kukan batsa ta yi yawa a rubutun intanet, kuma kukan yana da gaskiya. Ina roƙon a duba har da irin kasuwar da ta sa abin da ya fi saurin sayuwa ne kawai ke biyan mai shi.

Abin bai tsaya kan masu ƙirƙirarren labari ba. Mai koyar da girki, mai koyar da ɗinki ko haɗa sabulu, malamin da ke fassara darussan lissafi da kimiyya zuwa Hausa, duk sun fara da bayarwa a buɗe, duk suna komawa bayan ƙofa saboda wani ya kwashe darasinsu yana sayarwa da sunansa. Harshen da ke da miliyoyin masu magana amma abin karantawarsa a intanet bai taka kara ya karya ba, shi ne ake ƙara kulle ɗan abin da ke akwai.

Idan aka yi wa masu wannan sana'a magana, amsarsu ɗaya ce: ilimi ba a ɓoye shi. Har su jawo hadisin da ya yi gargaɗi ga wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye. Hadisin gaskiya ne, mun yarda da shi. Amma a ƙasar nan tun kafin zuwan maɗaba'a ana biyan mai kwafar littafi ladan hannunsa, ana sayen Alƙur'ani rubutun hannu da daraja, ba a taɓa cewa marubucin ya ɓoye ilimi ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta shi ba. Abin dariyar shi ne mai cewa ilimi kyauta ne bai taɓa kashe talla a tasharsa ba, bai taɓa buɗe zaurensa kyauta ba.

Mu ma ba duka muka wanku ba, gara in faɗa kafin a faɗa mini. Akwai marubutan da ke ɗauko labarin fim ɗin waje ko littafin 'yar'uwarsu su sauya sunaye su sayar. Duk abin da na roƙa a ƙasa ya hau kansu.

Dalilin da ya sa doka mai kyau ba ta yi mana aiki ba a bayyane yake. Da Turanci aka rubuta ta, Turancin lauyoyi. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka sai an yi rajista ake mallakar haƙƙi, alhali dokar ta ce da zarar ka rubuta aikinka ya zama naka, rajistar ƙarin hujja ce kawai, kuma kariyar tana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Shari'ar haƙƙin mallaka a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta, kuɗin lauya na zama ɗaya ya fi abin da littafin ya kawo gaba ɗaya. Da yawa suna rubutu da sunan alƙalami saboda dalilan gida da na aure, suna tsoron kai ƙara ya tona su. Kamfanonin da ake ɗora kayan a kansu kuma suna Amurka ko Kanada ko Dubai. YouTube na rufe tashar da aka kama da laifin satar aiki sau uku, amma sai mai aikin ta san hanyar cike takardar ƙorafin, ta kuma yarda bayananta su isa ga wanda take ƙara. Shi ya sa makaminmu bai wuce Allah ya isa ba.

Ga kuma rashin madogara. OkadaBooks, wadda aka kafa a 2013, ta kasance wurin da marubutan Hausa da dama ke sayar da littattafansu cikin tsari. A ƙarshen Nuwambar 2023 ta rufe. Waɗanda suka dogara da ita suka koma zaurukan waya, inda babu kariya ko kaɗan. Wani abin takaicin, sau da yawa idan waya ta lalace ko ta ɓata, a wurin ɓarayin nan ne marubuciya ke samo kwafin littafinta, domin babu wata ma'ajiya da ke adana rubutun da ba a buga a takarda ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

A fito da bayanin dokar nan da Hausa, gajere, a rubuce da kuma a murya, yadda za a iya tura shi a WhatsApp a kuma karanta a rediyo. Ya faɗi abin da aka hana, ya kuma faɗi abin da aka halatta da irin wannan ƙarfin. Dokar ta bar ƙofa ga amfanin kai, da nazari, da bincike da ba na kasuwanci ba, da sharhi da suka, ta kuma ba da damar mai da littafi yadda makafi za su amfana. Mutane su san wannan, don kada tsoro ya hana ɗalibin jami'a nazarin littafina ko malama ta karanta wa ajinta shafi biyu. Ranar 23 ga Afrilu, ranar littafi da haƙƙin mallaka ta duniya, ta dace da ƙaddamar da shi, kuma muna so a yi a Kano ko Kaduna ko Sakkwato, a gayyaci marubutan waya, ba sai waɗanda suka buga a takarda kaɗai ba.

A ware lambar waya da jami'in da ke jin Hausa wanda zai karɓi ƙorafi, ya taya mai ƙara shigar da buƙatar saukewa wurin kamfanonin nan. Wasiƙar da ta fito daga hukumar gwamnati ba ɗaya take da saƙon matar aure daga Funtuwa ba. A kuma tsara yadda mai sunan alƙalami za ta tabbatar wa hukuma ko ita wace ce ba tare da an bayyana ta ga duniya ba.

Roƙonmu mafi girma shi ne a bambance. Dokar da kanta ta bambance: hukunci mai tsanani na ɗora aikin wani a intanet, tarar da ba ta gaza naira miliyan 1 ba ko ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, ta rataya shi ne a kan wanda ya yi don kasuwanci. A bi kuɗin. A fara da manyan tashoshi da shafuka da manhajoji masu cin talla, da masu karɓar kuɗin shiga zauren dakumen, waɗanda lambar asusunsu na banki tana nan a rubuce a saman zaurensu. Ba ma neman a cika gidan yari da su. A kira su a zauna, a ba su wa'adi su nemi izinin abin da suka ɗora, su mayar da sunayen masu shi, su biya ko su sauke. Wanda ya ƙi, doka ta yi aikinta a kansa a bainar jama'a. Yawancinsu matasa ne masu neman na kansu, suna da murya da basirar da mu ba mu da ita, kuma sun kai labaranmu kunnen tsofaffi da direbobi da waɗanda ba su iya karatu ba. Abokan ciniki muke so su zama.

Don haka a samar mana da takardar yarjejeniya ta shafi ɗaya da Hausa tsakanin marubuci da mai karantawa: wane littafi, na tsawon wane lokaci, a wace tasha, kuɗi a dunƙule ko kaso. Doka ta ce sayar da haƙƙi ko ba wa mutum ɗaya keɓantaccen izini sai a rubuce, amma mu har yau da saƙon murya ake ƙulla ciniki, a zo a yi ta musu. Hukumar ta kuma duba yadda REPRONIG, ƙungiyar da ke karɓar wa marubuta kuɗin kwafar ayyukansu, za ta buɗe ƙofa ga waɗanda aikinsu bai taɓa shiga maɗaba'a ba.

Sannan a taimaka wa mai son bayarwa ya bayar cikin aminci. Akwai tsarin izini na Creative Commons da ake amfani da shi a duniya tun 2002, wanda Wikipedia ta Hausa ma a kansa take tafiya. A cikinsa akwai nau'in da ke cewa: ka karanta, ka tura wa kowa, ka ambaci sunana, amma kada ka yi kasuwanci da shi. Wannan shi ne ainihin abin da yawancinmu muke nufi da shafukan kyauta, ba mu dai da kalmomin da doka za ta gane. A ba mu jimla biyu ko uku da Hausa, waɗanda hukuma ta amince da ma'anarsu, mu riƙa sa su a saman rubutu a madadin tsinuwa. Ni dai a shirye nake in saki tsofaffin littattafaina a kan wannan sharaɗi, kuma na san ba ni kaɗai ba ce.

Akwai masu karatunmu da masu kwasar aikinmu a Maraɗi da Damagaram da Yamai, kamar yadda ake kwasar na marubutan Nijar a nan. Muna roƙon ku tuntuɓi takwararku ta can, BNDA, a samu hanyar miƙa ƙorafi tsakanin ƙasashen biyu. Haka kuma a yi magana da Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa da sassan Hausa na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo kan ma'ajiyar littattafan intanet, inda marubuci zai ajiye kwafi da kwanan wata, ya zaɓi ranar da za a buɗe shi ga kowa. Zai zama hujja idan rigima ta taso, ya kuma zama gado idan waya ta mutu.

Idan hukuma ta sa ranar zama, za mu turo wakilai, za mu zo da jerin tashoshi da shafukan da muke magana a kansu, da hotunan shaidar da muka tara. Muna roƙon a sanar da ranar da Hausa, kuma a sa ta da hantsi, domin yawancinmu sai mun sallami yara makaranta muke iya fita.

Allah ya ƙara girma, ya yi jagora.

Wassalam.

Taku,
Marubuciya daga Kano, a madadin 'yan'uwanta marubutan waya.